Manufa Biyu a Darasi Ɗaya

Ni malamin Hausa ne a firamaren garinmu, Toranke, kuma a garin aka haife ni. Duk wanda ya taɓa riƙe alli ya san ba a shiga aji da ka. Sai ka zauna ka rubuta shirin darasi tukuna, kuma a saman shirin akwai wani layi da ake kira manufa, inda za ka faɗi abin da kake so yara su iya yi idan an tashi. Kullum da kalmomi iri ɗaya ake buɗe shi: "A ƙarshen darasi, ɗalibai za su iya..." sai ka ƙarasa da naka.

Da na fara aiki, wannan layin ya fi komai ba ni wuya. Hedimastanmu na lokacin wani dattijo ne mutumin Kademi, kullum a kan tsohon babur yake zuwa, da jan biro a aljihun gaba. Ranar Litinin da safe kowane malami zai kai masa shirinsa na mako ya duba ya sa hannu. Nawa kuwa sai ya dawo da jan layi a ƙarƙashin manufa.

"Malam, ka rubuta wai za su gane amfanin gaisuwa," in ji shi wata rana. "To, ta yaya za ka san sun gane? Kansu za ka fasa ka leƙa?"

Na sake duban jan layin, shi kuma ya ci gaba.

"Rubuta abin da ido zai gani ko kunne zai ji. Za su iya gai da babba da safe. Za su iya faɗin sunayen kayan gona. Za su iya haɗa baƙi da wasali. Irin wannan, ko baƙo ne ya shigo ajin zai shaida an yi ko ba a yi ba."

A hankali hannuna ya faɗa. Na ware yammacin Lahadi don wannan aiki. Bayan la'asar sai in shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar tsakar gidanmu, in jawo manhaja da littafin shiri, in yi ta rubutu har kaji su fara neman makwanci.

Ba ni kaɗai nake zama ba. 'Yata ta fari takan zo ta raɓe a bakin tabarmar. Da yake 'yar fari ce, ban cika sakar mata fuska a gaban mutane ba, ko sunanta ba na kira. Haka muka taso muka ga ana yi. Mahaifiyata, wadda duk gidan muke kira Inna, ita ta ɗauke ta tun da aka yaye ta. Ɗakinsu ɗaya, kwanonsu ɗaya. Inna na kiranta ƙawata, idan surutu ya ishe ta kuma ta ce mata aku.

Surutu kam Allah ya ba ta. Tun da asuba bakinta yake buɗewa, kuma tambayoyinta ba su da kai. Ta taɓa tambayata me ya sa ake cewa rana ta faɗi, alhali ba mu taɓa jin ƙarar faɗuwarta ba. Ni kuma na mai da ita ma'aunina ba tare da ta sani ba. Idan na rubuta cewa yara za su iya ba da amsar kacici-kacici, sai in jefa mata ɗaya ba tare da na ɗago kai ba. In ta amsa nan take, na san ya yi sauƙi da yawa. In ta ruga ɗakin Inna neman amsa, na san ya yi daidai da aji.

Da ta shiga aji biyu ta zama ɗalibata sosai. A makaranta Malam take ce mini, a gida Baba. Wani lokaci harshenta ya sarƙe ta ce "Malam Baba", aji ya tuntsire da dariya, ni kuma in juya ga allo don kada su ga fuskata.

A bazarar wannan shekarar ciwon ya same ta. Zafi ya yi tsanani, ruwa bai sauka ba. Ta dawo daga makaranta tana cewa kanta na ciwo, jikinta kamar garwashi. Babarta ta ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne, ta ba ta magani. Washegari ba ta iya sunkuyar da kai, idan an taɓa wuyanta sai ta ƙwala ƙara. Wani maƙwabcinmu mai mota ya kai mu Ajingi, daga nan aka ce mu wuce Gaya. A can aka ce sanƙarau ne.

Ta daɗe a kwance, wasu kwanakin ba ta san wanda yake kanta ba. Ma'aikatan sun yi iya ƙoƙarinsu, Allah kuma ya yi da sauran kwananta. Ranar da ta farfaɗo sosai ina zaune a gefen gado, babarta na ba ta koko da cokali tana yi mata sannu. Yarinyar ta ƙura wa bakin uwar ido, sannan ta juyo gare ni. Na ce, "Sannu, ya jikin?"

Sai ta ce da ƙarfi, har na gadon kusa suka waiwayo, "Umma, ku daina raɗa mana. Ba na ji."

Babarta ta ɗaga murya ta kira ta. Ta sake kira. Na tashi na zagaya bayanta na tafa hannu daf da kunnenta. Ko gezau.

Likita ya ce ciwon yakan bar irin wannan, mu kai ta Kano a gwada. Muka kai ta. Aka sa mata wani abu a kunnuwa, aka ce ta ɗaga hannu duk lokacin da ta ji ƙara. Ta zauna hannunta a kan cinya, tana kallona tana jiran a fara, alhali an daɗe da farawa. Kunnuwan biyu duk sun tafi.

Inna ba ta yarda ba. Ta ce, "Allah da ya bar mana ita zai buɗe kunnen." Aka yi rubutu aka sha, aka yi tofi a man zaitun aka ɗiga. Ban hana ba, don ni ma a raina ina jira. Kowace safiya sai in yar da murfin kwano a bayanta kamar kuskure ne, in saci kallonta.

Maganarta dai tana nan. Murya ce kawai ta ƙi tsayawa wuri ɗaya, wani lokaci ta yi sama kamar mai kiran wani a gona, wani lokaci ta yi ƙasa har sai ka kasa kunne. Da aka koma sabon zango muka mai da ita makaranta, na sa ta a bencin gaba.

Lahadin farko na zangon na shimfiɗa tabarma kamar kullum, na buɗe manhaja. Abin da ke kan layi shi ne sauraro da magana, darasin farko kuma bambance sautuka masu kama da juna. Na rubuta: "A ƙarshen darasi, ɗalibai za su iya bambance k da ƙ idan sun ji an furta." Na kai kan kalmar "ji", biro ya tsaya. Tana can gefe ita da Inna suna ɓarar gyaɗa. Na daɗe ina kallon layin. Ranar ban rubuta komai bayansa ba.

Da safe na shiga ofishin hedimasta da littafin a buɗe.

"Ranka ya daɗe, wannan 'ɗalibai' da muke rubutawa, har da ita a ciki?"

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Ya san wadda nake nufi.

"In ka sa ta a ciki, ka rubuta abin da ba zai yiwu ba," ya ce. "In ka cire ta, me ya kawo ta ajin?"

"Shi ne abin da ya hana ni ƙarasawa."

Ya juya jan bironsa a hannu. Can ya ce, "Rubuta biyu. Ɗaya ta aji, ɗaya tata. In masu duba makarantu sun zo sun tambaya, ni zan yi musu bayani."

Daga ranar shirina ya zama mai manufa biyu. A ƙarƙashin ta aji sai in bar layi ɗaya, in fara: "Ɗaliba ɗaya za ta iya..." Wannan ta biyun ta fi cin lokacina, don babu manhajar da zan duba. Na riƙa yanka kwalaye ina zana hotuna, akuya, tulu, fartanya, ina rubuta sunan kowanne a wani kwalin daban. Za ta iya haɗa kalma da hotonta. Za ta iya karanta gaisuwar safe a leɓen mai magana. Za ta iya rubuta abin da take so a allo idan ba a gane ta ba. Sa'ar da muka yi ita ce ta riga ta koyi haɗa baƙi da wasali kafin ciwon, sautukan suna nan a kanta, don haka karatu bai gagare ta ba.

Darasin k da ƙ kuwa sai da na yi shi, don aji ba zai tsaya ba. Na tsaya a gaba ina cewa "kafa, ƙafa, kara, ƙara", yara suna ɗaga hannun dama in sun ji ta farko, na hagu in sun ji ta biyu. Ita kuma ta kafe bakina da ido, goshinta a tattare. A leɓe duk ɗaya suke, ban taɓa lura da haka ba sai ranar. Can ta ɗaga murya ta ce, "Malam, ai abu ɗaya kake ta faɗa!"

Aji ya fashe da dariya. Ba dariyar mugunta ba ce, yara ne. Ta waiga ta ga bakuna a buɗe, sai ita ma ta yi dariyar, a makare, ba ta san ta mene ce ba.

Ban san lokacin da na durƙusa a gabanta ba. Ni da ko hannunta ban saba riƙewa a gaban mutane ba, na kama tafinta na ɗora a maƙogwarona. Na ce "kafa". Na ce "ƙafa". Na maimaita, na sake maimaitawa. Ajin ya yi tsit. Sai na ga idonta ya buɗe.

"Wannan tana tsalle," ta ce.

Na rubuta ƙ a allo na nuna mata. Ta gyaɗa kai da sauri, ta sake miƙo hannu da kanta.

Mako na gaba na rubuta a manufa ta biyu cewa ɗaliba ɗaya za ta iya bambance k da ƙ idan ta ɗora hannu a maƙogwaron mai magana. Hedimasta ya karanta, ya daɗe bai ɗago ba, sannan ya sa hannu ya miƙo mini littafin.

Da labarin ya kai gida, Inna ta karɓe dabarar. A da bayan an ci tuwo take yi mata tatsuniya, amma yanzu in duhu ya shiga yarinyar ba ta ganin baki. Sai Inna ta mai da tatsuniya da hantsi, ranakun da babu makaranta, a bakin ƙofar ɗakinta inda haske yake, hannun jikar a wuyanta. Babarta ta tsokane ta ta ce, "Inna, ba an ce mai tatsuniya da rana ɓata yake yi ba?"

Inna ta ce, "In ɓata ɗin. Ina zan je da ba a san ni ba?"

Na so a ce haka abin ya ci gaba, amma ba haka ya tafi ba. Ajin cike yake maƙil, wasu a benci wasu a ƙasa, kuma duk lokacin da na juya zan rubuta a allo, na ɓace mata ke nan. Sauran malamai sun yi nasu ƙoƙari, amma mai koyar da lissafi ba zai durƙusa gaban ɗaliba ɗaya ya bar sauran ba. Kalmomin da ta sani suka fara zaizayewa a bakinta kamar sabulu. Ƙarshen kalma ya riƙa faɗuwa, hawa da saukar murya da jan wasali suka baje, har ya zama in ta ce "gashi" ba ka sanin na kai take nufi ko na nama. Sababbin kalmomi kuma ba sa shiga sai wadda na rubuta na zana. Ni da kaina na lura manufa ta biyu tana ƙanƙancewa. Abin da na rubuta a farkon zango ya fi wanda nake rubutawa a ƙarshensa girma.

Lokacin hutun tara, idan 'yan mata sun yi da'ira suna gaɗa, takan tsaya a waje tana tafi, tafinta na saɓa wa nasu. Daga baya ta daina zuwa wurin, sai ta zauna a barandar ajinmu tana jera kwalayen hotuna. Ta daina ɗaga hannu. Tambayoyin nan marasa kai duk suka ƙafe.

Wata rana da na dawo daga gona babarta ta tare ni a zaure, idonta ja.

"Malam, ka san abin da ta tambaye ni yau? Cewa ta yi, 'Umma, in na yi magana, muryata tana fita kuwa?'"

Na zauna a kan dakalin zauren, fartanya a hannuna.

Hedimasta ne ya fara kawo zancen makarantar kurame ta kwana a Kano. Ya ce ya san wani da ɗansa yake can, yaron yana karatu yana rubutu, kuma yana da abokai. Na ce zan yi shawara, a raina kuwa ba na so. Na ɗauka babarta ce za ta fi ƙi, sai ga shi ita ta tsaya a kai.

"Kai malamin yara da yawa ne," ta ce. "Ka yi iya yinka, kowa ya gani. Amma yarinyar nan ba ta da abokin hira ko ɗaya sa'anta. Ka duba ta da kyau."

Inna kuwa ta tubure. "Yarinyar da ba ta jin kiran mutum za ku kai cikin motocin Kano? Me ta yi muku?" Ta kwana biyu ba ta amsa gaisuwata da sakin fuska. Amma ana gobe tafiya na same ta a madafa tana soya ƙuli-ƙuli, ta ƙulla aya da dabino a wani tsohon ɗankwalinta. Ba ta dube ni ba ta ce, "Ka ce musu ba ta son yaji da yawa."

Daga Ajingi muka hau bas. Da muka shiga harabar makarantar, yara cike da fili, amma babu hayaniyar da na saba ji a tamu. Hannuwa ne kawai ke tashi suna sauka, fuskoki na motsi, sai dariya jefi-jefi. Wata malama ta zo ta durƙusa daidai tsawonta, ta yi mata wata alama da hannu tana murmushi. Yarinyar ta damƙe gefen rigata.

"Baba, yaushe za ka dawo?" Muryar ta cika wurin, amma ni da malamar kaɗai muka ji.

Na ciro biro na rubuta "hutu" a tafin hannunta. Ta karanta ta dunƙule hannun. Malamar ta yi mini nuni da ido in tafi. Na tafi, ban waiwaya ba sai a bakin ƙofa, na hango ta tsaye inda na bar ta, wasu 'yan mata biyu sun kewaye ta suna taɓa ƙullin ɗankwalin Inna.

Lahadin da ta biyo baya na rubuta shirin mako gaba ɗaya kafin inuwa ta kai bakin rijiya. Manufa ɗaya ba ta cin lokaci. Sai da na gama na ga a kowane shafi na bar layi a ƙarƙashinta, hannu ya riga ya saba. Na rufe littafin na zauna, ban san abin da zan yi da sauran yammar ba. Inna na bakin ƙofarta tana ɓarar gyaɗa ita kaɗai.

Makarantar ta karɓe ta, wannan ba zan ɓoye ba. Hutun farko ta dawo ta yi ƙiba, idonta ya dawo da haskensa. Ta zo da maganar hannu, kuma surutun nan da na ɗauka ya mutu ashe yana nan, hanya kawai ya sake. Yanzu yatsunta ne ba sa hutawa. Babarta ta kama abin da sauri, suna tuƙa tuwo suna hira da hannu ɗaya. Ƙannenta ma kafin hutu ya ƙare har faɗa suke yi da ita da hannu. Ni ne na zama daƙiƙin gidan. Yatsuna sun ƙi lanƙwasuwa, in na kama wannan alama waccan ta gudu. Takan kama hannuna ta gyara mini yatsa tana dariya, in sake yi, in sake kuskurewa. Daga ƙarshe sai mu koma takarda.

Muryar kuwa kowane hutu raguwa take yi. Da farko tana haɗa hannu da baki, daga baya sai in ta firgita ko ta yi fushi ake jin sautinta. Rubutunta ma ya ɗauki tsarin maganar hannu, kalmomi suna zuwa ba a jeren da muka saba ba. Sau da yawa hannuna ya kai ga biro zan gyara, sai in fasa.

Wadda abin ya fi cuta ita ce Inna. Ba ta karatun boko, yatsunta kuma sanyin ƙashi ya riga ya ƙandare su. Suna zama tare a tabarma ɗaya, Inna na ta zuba zance, jikar na kallonta tana murmushi tana gyaɗa kai. Da ta fara girma sai ta riƙa jin nauyin ɗora hannu a wuyan tsohuwa, Inna ma ba ta matsa ba. Idan yarinyar ta yi wata doguwar alama, Inna ta waiwayo gare ni neman fassara, ni kuma in waiwaya ga babarta. Magana tsakanin mutum biyu da suka yi shekaru suna kwana ɗaki ɗaya sai ta bi ta bakin mutum biyu kafin ta isa.

Da damina Inna ta rasu, bayan 'yar gajeriyar jinya. Yarinyar na makaranta. Aka yi jana'iza a ranar, washegari na kama hanyar Kano in ɗauko ta. Muna wuce Gaya na fara tunanin yadda zan gaya mata. Na san alamar abinci, na san ta makaranta, na san ta ciwo. Na san alamar da ta ƙirƙira wa Inna, wato ta taɓa wuyanta da tafin hannu. Ta mutuwa ce ban sani ba, ba a taɓa koya mini ba, ni ma ban taɓa tambaya ba. Kuma raina bai ba ni in rubuta mata wannan a takarda in miƙa mata ba.

Da na isa na nemi malamar nan da ta karɓe ta ranar farko. Na gaya mata abin da ya faru, na roƙe ta ta nuna mini alamar kafin a kira yarinyar. Ta yi mini ta'aziyya, ta nuna mini. Motsi ɗaya ne, mai sauƙi. Na yi ta maimaita shi a cikin ofis har ta ce ya yi.

Yarinyar ta shigo da gudu, murna fal fuskarta, don ba lokacin ziyara ba ne. Ta durƙusa ta gaishe ni da hannu. Na ɗora tafina a wuyana. Ta gyaɗa kai tana jira. Na ɗaga hannu zan yi ta biyun, sai na kasa. Ba ta buƙaci in ƙarasa ba, ta riga ta karanta a fuskata. Sai ta buɗe baki ta kira Inna. Na daɗe rabona da jin muryarta. Kalmar ta fito ba yadda muke faɗinta ba, ta yi kauri, ta ja tsawo, amma ita ce. Ta sake kira, sannan ta kifa kai a cinyar malamar.

Muka hau bas muka kamo hanyar gida. Ta jingina kai da taga tana kallon gero. A gida mata suna shigowa suna cewa "ya haƙuri", tana kallon bakinsu tana gyaɗa kai. Ta roƙi a bar ta ta kwana a ɗakin Inna har ta koma, aka bar ta.

Hedimasta ya yi ritaya ya koma Kademi yana noma. Wanda ya gaje shi matashi ne, a waya yake so a tura masa shirin darasi. Ni har yanzu a littafi nake fara rubutawa, in ɗauki hoto in tura.

Ita kuma tana sakandare yanzu, a can Kano ɗin. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ana ba su aron waya su kira gida ta bidiyo. A cikin gidanmu sabis ba ya kamawa, sai na fita bayan gari wajen wani tudu kusa da makaranta. Matsalar ita ce in na riƙe waya da hannu ɗaya, saura hannu ɗaya na magana, ni da ko da biyun ban ƙware ba. Hoton kuma yana yawan daskarewa, hannunta ya tsaya a sama, in ya dawo ta riga ta yi nisa.

Juma'ar da ta wuce ta kira da wani labari mai tsawo. Daɗi take ji, hannuwanta na gudu, tana dariya a tsakiya. Na tsinci alamar malama, na tsinci ta ƙawa, sauran suka wuce ni. Na yi mata alamar ta maimaita. Ta fara daga farko a hankali, sai hoton ya daskare, ya dawo, ya sake daskarewa, kiran ya yanke. Na tsaya a kan tudun ina ɗaga wayar sama. Can saƙo ya shigo: "Baba ba komai. Gai da Umma."

Na gangaro gida. Babarta na tankaɗe a tsakar gida, na isar mata da gaisuwar, na gaya mata akwai labarin da ban kama ba. Ta kakkaɓe garin hannunta ta ce, "Mako mai zuwa tare za mu je. Kai ka riƙe wayar, ni in yi maganar."

Na ce to.